Rumbu da Turmi

A cikin watan Afrilu ne, sa'ad da zafi ke korar mutane daga ɗakuna tun kafin hantsi, ɗaliban shekarar ƙarshe kuma suna ta kai da kawowa da takardu saboda lokacin sutanas ya matso, kwamfutar wani malamin ilimin harshe ta soma yi masa gardama. Abin ya tsaya ne ga manhajar wasiƙu, Thunderbird, wadda ya fi shekara goma yana karɓar saƙonni da ita a kan teburin ofishinsa. Da ya buɗe ta sai ta yi aiki na ƴan mintoci, sa'an nan ta daskare, allon ya dusashe, daga bisani ta rufe kanta. Wani lokaci wani ɗan akwati yakan bayyana a tsakiyar allo da gargaɗi cikin Faransanci, abin da idonsa ke kamawa a ciki kuwa kalmomi biyu ne: mémoire insuffisante.

Ranar farko dariya ya yi, don ya sha rubuta kusan waɗannan kalmomi da jan alƙalami a gefen kundin ɗalibai, sai dai babu harafin e na ƙarshe. Kowace shekara da wannan misalin yake buɗe darasinsa na jinsi: le mémoire, namiji, shi ne kundin da ɗalibi ke rubutawa ya kāre a gaban juri, la mémoire, ta mace, ita ce baiwar tuna abu. Yakan ƙara da cewa in kalmar ta shigo bakin Bahaushe sai wannan bambanci ya ɓace, tun da a harabar jami'a za ka ji «memwar ɗina ya kusa ƙarewa» daga bakin mai rubutu, ka ji «memwar ɗina ya cika» daga bakin mai waya, duka biyun da jinsin namiji. Abin da bai taɓa tsayawa ya duba ba shi ne cewa ita ma ta macen, da ta shiga cikin na'ura, ta rabu gida biyu.

Ya yi abin da kusan kowa zai yi. Abin da ya saba da shi ita ce wayar salula, wadda in ta ce memwar ya cika sai a share hotuna da bidiyo ta lafa. Saboda haka ya jera saƙonninsa bisa ga girma, ya zaɓi manya-manyan da ke sama, ya jefa su kwandon shara, ya zubar da kwandon. Yawancinsu sanarwar taro ce mai ɗauke da hotuna, da kundayen ɗaliban da suka daɗe da fita. Bai karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya ba, don manhajar ba ta ba shi lokacin yin haka; sauri yake yi kafin ta sake rufewa. Da ya gama ya buɗe ta yana sa ran sauƙi. Ta daskare kamar jiya.

Bayan kwana uku wata ɗaliba ta ƙwanƙwasa ƙofarsa. Ita ce mai aiki kan karin sauti a Hausar Adar, wadda Bernard Caron ya yi littafi a kanta a 1991, ta kuma shafe hutun kaka a wani ƙauye na jihar Tawa tana ɗaukar muryar wata tsohuwa. Mai nazarin karin sauti ba ya yarda da MP3, domin wannan tsari yana zubar da wani sashe na sautin don ya rage nauyi. WAV ake ɗauka, wanda minti ɗaya na murya a cikinsa kan ci kimanin mega 5. Da yake Gmail ba ya karɓar abin da ya wuce mega 25 a saƙo guda, sai ta yanyanka hirarrakin gunduwa-gunduwa, minti uku-uku, ta riƙa aika wa malamin duk lokacin da ta shigo gari ta sami intanet. Na'urar ɗaukar maganar ta sashe ce, an karɓe ta an ba wani ɗalibi, shi kuwa ya share katin ya zuba nasa aikin. Akwatinta na wasiƙu ya cika, ta share abin da ta aika, tana ganin ai suna hannun Malam. Kilen da ta ajiye kwafinta a ciki ya daina buɗewa a makon da ya wuce. Tsohuwar kuma Allah ya yi mata rasuwa cikin sanyin hunturu.

«Malam, na zo ne ku taimaka mini da sautukan da na aiko muku,» in ji ta.

Ya nemi sunanta a cikin akwati, a ƴan mintocin da manhajar ta ba shi. Gajerun saƙonninta na gaisuwa da tambaya suna nan. Masu nauyin babu ko ɗaya. Ya tuna da kafar jami'a inda saƙonnin ke sauka kafin su iso gare shi, amma can ma babu, saboda tun farko an haɗa masa manhajar da tsarin POP, wanda ke kwaso wasiƙu zuwa kwamfuta, kuma a yadda aka saita nasa, yana share su daga can bayan ya kwaso. Bai gaya mata ya share su ba. Ya ce na'urar ce ke ciwo, ta dawo jibi. Wannan rabin gaskiya ya fi damunsa a daren nan fiye da zafi.

Washegari ya aika aka kira wani tsohon ɗalibinsa, wanda ya bar nahawu bayan lisans ya buɗe shagon gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Saurayin ya saurari labarin har ƙarshe yana tsaye, sa'an nan ya yi tambaya ɗaya: shin manhajar takan nemi izinin matse manyan jakunkuna, wato abin da take kira compacter, kuma me Malam ke amsa mata? Malamin ya ce takan tambaya lokaci-lokaci, shi kuwa kullum yana ƙi, domin kalmar ba ta taɓa kwanta masa ba. Abin da aka matse, a ganinsa, ba ya komawa yadda yake.

«Allah gafarta Malam, to kada ku sake danna komai,» in ji saurayin. «Ko ta tambaya, ku ƙyale ta.»

Bayanin da ya biyo baya shi ne ya sa malamin ya jawo kujera ya zauna kamar ɗalibi. Manhajar ba ta ajiye kowace wasiƙa daban. Dukkan abin da ke cikin akwatin shigowa fayil ɗaya ne tilo, doguwar takarda da ake ƙara wa rubutu a ƙasa duk lokacin da saƙo ya iso, kowane saƙo yana farawa da layin da kalmar From ke buɗewa. Sunan tsarin mbox, gadon Unix ne tun shekarun 1970. A gefen wannan takarda akwai wani ƙaramin fayil mai ƙarshen suna .msf, wanda shi ne fihirisa: wane ne ya aiko, yaushe, kuma a wane wuri na doguwar takardar saƙonsa yake. In mutum ya share saƙo, manhajar ba ta yanke shi daga tsakiyar takardar, don hakan na nufin sake rubuta dukkan abin da ke ƙasansa. Sai ta kwafe shi zuwa kwandon shara, ta sa masa alama a inda yake cewa an share shi, ta cire sunansa daga jerin da ake gani. Zubar da kwando yana kawar da kwafin ne kawai. Na asalin yana kwance a wurinsa har ranar da aka matse jakar, a ranar ne ake sake rubuta takardar ba tare da masu alama ba. Matsewar nan kuwa ita ce shawarar farko da duk mai gyara zai bayar ga akwatin da ya kumbura. Da wani ne aka kira, wanda bai tsaya ya ji labarin ɗalibar ba, da ita zai fara, da kuma ba a yi masa laifi ba.

Kafin a taɓa komai sai aka ɗauki kwafin dukkan jakar da manhajar ke ajiye kayanta, wadda Windows ke ɓoyewa a ƙarƙashin AppData. A nan aka gamu da cikas na farko. Kilen da malamin ya miƙa sabo ne, babu komai a ciki, amma ya ƙi karɓar fayil ɗin akwatin shigowa, wai ya yi masa girma. Malamin ya ɗaga hannu sama: ga fili nan giga 32, a ce babu wuri? Dalilin shi ne yawancin kile suna zuwa da tsarin FAT32, wanda fayil guda ba ya kaiwa giga 4 a cikinsa komai faɗin sauran wurin, akwatin malamin kuwa ya zarce haka. Aka sake tsara kilen da NTFS, kwafin ya shiga. Ya ɗauki kusan awa guda, suna zaune suna kallon layin yana rarrafe, kowa na addu'ar kada a ɗauke wuta.

Cikin wannan jira ne saurayin ya warware masa kalmar. Akwai wurin ajiya, diski, inda fayiloli ke kwana ko an kashe na'ura. Akwai kuma wurin aiki, wanda Faransanci ke kira mémoire vive, ake kuma ce masa RAM, inda manhaja ke shimfiɗa abin da take sarrafawa a wannan lokacin, da an kashe wuta ya watse. Waya in ta koka, yawanci wurin ajiya take nufi. Gargaɗin da ke kan allon malamin wurin aiki yake nufi. Malamin ya yi shiru, sa'an nan ya fassara wa kansa: ɗaya rumbu ne, ɗaya turmi. Mace na iya samun hatsin shekara uku a rumbu, amma abin da za ta daka a lokaci guda bai wuce cikin turminta ba, kuma ko ta kwashe rabin rumbun ta zubar, turmin bai ƙara faɗi ba. Da farko faifai ya zo masa a rai, sai ya tuna tun zamanin garmaho aka ba faifai wani aiki, har yau ana cewa faifan bidiyo, don haka zai ja hankalin mai sauraro zuwa wajen ajiya, inda ba a so. Masu fassara da ke cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta ga duka biyun sun kwaso ruɗanin Faransanci da na Ingilishi ne suka sa masa riga ta gida.

Sai dai ya yi gardama a kan abu ɗaya. Shekara biyu da suka wuce, da na'urar ta fara nauyi, ya biya kuɗi an ƙara masa wannan turmin har giga 8. Ina sauran suka tafi? Saurayin ya buɗe bayanan na'urar ya nuna masa: Windows ɗin da ke kai mai bit 32 ce. Kowane gurbi a wurin aiki sai da lamba ake kiransa, lamba mai bit 32 kuwa ba ta iya ƙirga fiye da 4,294,967,296, wato giga 4. Abin da ya haura haka yana nan a jikin na'ura, an saya, an dasa, amma ba shi da suna, abin da ba shi da suna kuwa manhaja ba ta iya kiransa. Daga cikin huɗun ma, a tsarin da aka saba, Windows tana riƙe rabin lambobin don kanta, ta bar wa kowace manhaja giga 2. Wannan bayani bai yi wa malamin wuya ba. Shekara ashirin yana muhawara da ɗalibai kan ko harshe na iyakance abin da mai shi zai iya tunani, yana kuma cikin masu shakkar hakan game da ɗan Adam. Ga shi yau ya ga wata halitta da maganar ta tabbata a kanta ɗari bisa ɗari.

Suka buɗe manajan ayyuka na Windows a gefe, suka tayar da manhajar, suka zuba ido ga lambar da ke nuna abin da take ci. Ta fara da kaɗan, ta riƙa hawa ba ta saukowa, ta faɗi tun kafin ta kai giga biyun. Wannan ma da dalilinsa: wani lokaci manhaja tana buƙatar fili ɗaya a haɗe, in kuwa abin da ya rage ƴan guntaye ne a warwatse, jimillarsu ba ta da amfani. Saurayin ya sake tayar da ita yana riƙe da maɓallin Shift, abin da ke sa ta tashi ba tare da ƙarin kayan da aka liƙa mata ba, don a ga ko ɗaya daga cikinsu ne ke zuƙe wurin. Ba su ba ne. Ta sake faɗuwa. Daga nan ya kashe fihirisar bincike ta gaba ɗaya, wadda ke bin saƙonni a ɓoye tana karanta su don a iya neman kalma a cikinsu, ya kuma kawar da fayil ɗinta mai suna global-messages-db.sqlite, wanda manhajar ke iya sake ginawa daga tushe. Lambar ta yi ƙasa sosai, ta daina hawa da sauri. Ba a ce wannan kaɗai ne ciwon ba. Fihirisar akwati mai saƙonnin shekara goma ita ma a turmi ake buɗe ta, ga manhajar kariya daga ƙwayoyin cuta da ke leƙa babban fayil ɗin duk sa'ad da ya motsa. Abubuwa ne suka taru a ƙaramin wuri.

Aikin ceto bai yiwu a ofis ba. Saurayin ya tafi da kilen shagonsa, malamin ya bi shi bayan la'asar, ya zauna a benci tsakanin matattun na'urori. Ko a can, da aka gwada buɗe fayil ɗin da ƙaramar manhajar rubutu ta Windows, sai ta ƙi, domin ita takan so ta ɗora dukkan takarda a turmi kafin ta nuna layin farko. Sai aka bi ta wata hanya: ɗan gajeren umarni da ke karanta fayil layi-layi, ya duba, ya rubuta a sabon wuri, ya saki, ya ɗauki na gaba. Abin da yake nema layi ne da ke saman kowane saƙo, X-Mozilla-Status, mai lambobi huɗu a gabansa. Saƙon da aka karanta yana ɗauke da 0001. Wanda aka karanta aka kuma share yana ɗauke da 0009, domin 8 ita ce alamar sharewa, an tara ta a kan 1. Umarnin ya cire takwas ɗin a duk inda ya same ta.

Da layukan ke gudu a allo malamin ya ga wani abin da ya tsayar da shi: shafuka bayan shafuka na haruffa da lambobi a cakuɗe, babu tazara, babu kalma ɗaya da za a karanta. Ya tambaya ko lalacewa ce. Saurayin ya ce a'a, muryar tsohuwar ce. An gina wasiƙar intanet ne don rubutu zalla, da haruffan Ingilishi, shi ya sa ma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ sukan iso a gurguje in ba a daidaita tsarin haruffa ba. Da aka so a riƙa aika hoto da sauti, ƙa'idar MIME ta 1992 ta tanadi hanyar rubuta su da alamomi 64, kowane bayit uku ya koma harafi huɗu. Saboda haka duk abin da aka liƙa wa saƙo yana ƙara kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, sautin mega 15 ya zama mega 20. Malamin, wanda ya ƙare rayuwarsa yana gunaguni cewa boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, ya daɗe yana kallon wannan rubutu da bai bar ko numfashin mai magana ba, wanda kuma babu mahalukin da zai iya karanta shi da ido.

Aka sa gyararren fayil ɗin a cikin jakunkunan gida na wata Thunderbird da ke shagon, da sabon suna, ba tare da tsohuwar fihirisa ba. Manhajar ta ɗauki lokaci tana gina sabuwa. Sa'an nan saƙonni suka zubo: duk tallar da ya taɓa sharewa, duk takardar gayyata, har da wata wasiƙar faɗa da ya so ya manta da ita. A tsakiyarsu ga sunan ɗalibar, layi bayan layi, kowane da alamar abin da aka liƙa.

Ba duka suka dawo ba. Saƙonninta na makon farko ya taɓa kwashe su zuwa wata ƙaramar jaka da ya buɗe wa ɗaliban mastar, tun kwamfutar tana hannun wanda ya ƙara masa turmi, shi kuma ya matse jakunkuna a lokacin, kamar yadda ya dace. Daga wannan ƙaramar jaka malamin ya share su tare da sauran, kuma ga alama a cikin saurin ranar nan ya amsa wa tambayar matsewa da i sau ɗaya bai lura ba, aikin ya gama da ƙananan jakunkuna, manhajar ta faɗi kafin ta taɓa babban akwatin. Abin da ya tafi hira ce ta dare ɗaya, wadda a cikinta, in ji ɗalibar daga baya, tsohuwar ta lissafa sunayen rijiyoyin ƙauyen da waɗanda suka gina su.

Sauran aikin na kwana biyu ne kuma babu abin mamaki a ciki. Aka fitar da sautukan daga cikin wasiƙu aka ajiye su a matsayin fayiloli, kwafi uku a wuri uku. Aka raba akwatin shekara-shekara. Sai a lokacin aka matse shi, da na'urar riƙe wuta a haɗe, domin matsewa sabon fayil take rubutawa a gefen tsohon, tana bukatar fili a rumbu, ba a kuma son wuta ta yanke ta a tsakiya. Aka sauya Windows zuwa mai bit 64, aka sa manhajar mai bit 64, wadda ake samu a hukumance tun siga ta 68 da ta fito a 2019, giga takwas ɗin da aka saya suka sami suna. Aka kuma saita akwatin ya riƙa barin kwafi a kafar jami'a.

Da ɗalibar ta dawo, malamin ya miƙa mata kile, ya gaya mata dukkan abin da ya faru, har da cewa da hannunsa ya share su, da kuma wanda ya ɓata. Ta sunkuyar da kai ta ce ba komai, Malam, ko da yake fuskarta ta nuna akwai. Ta roƙi izinin gwada ɗaya a nan take. Ya juya mata allon, ta buɗe Praat, ta ɗora fayil na farko, layin karin sauti ya fito shuɗi yana hawa yana sauka. Ta danna, muryar tsohuwar ta cika ofishin, tana faɗa wa wani yaro ya kore akuya daga bakin turmi, tana cewa shina ji shina ƙyale ta. Ɗalibar ta jawo littafinta, ta nemi shafin da ta tsaya, ta ci gaba da sa alamomi a kan wasula.